Wa Ya Tsamo Musa Daga Kogi?

Karatu: Fitowa 2:1-15

Wata rana a Parakou na yi wa yaran makarantar Lahadi wannan tambaya. Wata yarinya ta ce matar Fir'auna ce. Da na ce a'a, sai ta ce ai da idonta ta gani.

Gaskiyarta. A fim ɗin katun ta gani, The Prince of Egypt, wanda kamfanin DreamWorks na Amurka ya fitar a 1998. Ko a Djougou na tarar da wani iyali suna kallonsa da Faransanci. Ba na hanawa, ni ma na kalla tare da 'ya'yana.

Amma ku duba aya ta 5: 'yar Fir'auna ce. Wannan ma ƙarami ne, babban yana aya ta 12. A fim, bisa tsautsayi Musa ya ture Bamasaren ya faɗo ya mutu. A Littafi Mai Tsarki kuwa, sai da ya waiwaya ya ga ba kowa, sa'an nan ya kashe shi, ya binne shi cikin yashi. Masu fim sun wanke Musa. Alhali mai jini a hannu Allah ya kira daga cikin kurmi, ya aike shi yana da shekara 80 (7:7). In an share laifin, yaya yaro zai gane girman alherin?

Iyaye, in an gama kallo kada a watse. A buɗe Littafi, yara su nemo inda aka canza. Ku fara da Haruna: wane aiki aka ba shi a 4:14-16, wanne ya yi a fim?