Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Maka Wajen Kamun Giwan Ruwa A Tafkin Kainji

Darasinmu na yau ya fi shafar matasan Yauri, Ngaski da Shanga, da duk wanda ke zaune a gaɓar tafkin Kainji kuma yana riƙe da wayar Android.

Wataƙila ka taɓa ganin bidiyon Turawa a YouTube ko TikTok suna tuƙa jirgi a hankali a tafkin Michigan na Amurka, igiyoyin ƙugiya na biye da su a baya, ga allo yana nuna musu zurfin ruwa. Wasu kuma suna tsaye a kan gadar da jirage ke tsayawa suna jefa fatsa. Kifin da suke nema shi ne salmon da trout. Su ma can ba asalin wurin ba ne salmon ɗin da ake kamawa, a shekarun 1966 da 1967 aka fara zuba shi a tafkin. Wannan kifi na ruwan sanyi ne, ya fi son ɗumin da bai wuce digiri 10 zuwa 15 ba, don haka ba zai rayu a Kainji ba. Amma dabarar tana aiki a kan namu kifin mai farauta, wato giwan ruwa da tsage. A tafkin Nasser na Masar da irin wannan jan ƙugiya ake kama giwan ruwa, kifin da zai iya kai tsawon mita 2.

Abin da ke ba mutanen can nasara ba tsadar jirgi ba ne. Abu huɗu suke rubutawa kullum: wuri, gudu, zurfi da kwanan wata. Duk huɗun wayarka za ta iya riƙe maka su.

Fara da sanin tafkin

An kammala madatsar Kainji a 1968. Tafkin da ta tara ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, faɗinsa a tsakiya wajen kilomita 24. Ta arewa, wajen Yelwa, siriri ne kamar kogi. A tsakiya ya buɗe, nan tsibirin Foge yake. Ta kudu, kusa da madatsa, nan ne ya fi zurfi, har wajen mita 60.

Ruwa sau biyu yake zuwa wa tafkin a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratso Mali da Nijar, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso nan da sanyin hunturu a tace. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa, ruwa kan sauka da kusan mita 10.

Riƙe wannan lamba, domin ita ce ginshiƙin darasin. Wurin da ka auna mita 12 a Janairu zai iya zama mita 3 a Yuli. Kututturen bishiyar da ka wuce ta samansa lafiya a hunturu shi ne zai fasa maka ƙasan jirgi a farkon damina. Saboda haka alamar GPS da ba ta da kwanan wata da zurfi, rabin bayani ce.

Mataki na 1: Sauke taswira tun kana gari

Mutane da yawa suna zaton GPS sai da data. Ba haka ba ne. Wayarka saƙo kawai take karɓa daga taurarin ɗan'adam da ke yawo a nisan kilomita 20,000 daga ƙasa, in ta samu aƙalla guda 4 za ta lissafa inda kake. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar. Tunda sabis yakan ɗauke a tsakiyar tafki, sai ka sauke taswirar tun a Yelwa ko Wara.

A Google Maps: danna hotonka da ke sama ta dama, ka shiga Offline maps, ka zaɓi Select your own map, ka ja akwatin ya rufe tafkin, sai ka danna Download. Ka sani hoton tauraron ɗan'adam ba ya sauka tare da ita.

Don aikin ruwa, manhajar OsmAnd ta fi dacewa. Tana aiki ba intanet, tana ajiye alamomi a cikin wayar, tana zana hanyar da ka bi, tana kuma nuna gudunka. Layin gaɓar da za ka gani a kowace taswira na lokaci ɗaya ne, kada ka ɗauka nan ruwa yake yau.

Mataki na 2: Koyi karanta lambobin wuri

Kowane wuri a duniya yana da lamba biyu. Yelwa tana wajen 10.8 arewa da 4.7 gabas. Yawan lambobin da ke bayan ɗigo shi ke nuna daidaito: lamba 3 tana nuna fili mai faɗin mita 111, lamba 4 mita 11, lamba 5 kuma kimanin mita 1. In za ka tura wa ɗan'uwanka wuri, kwafe lambobin duka, kada ka gutsure. A sarari irin na tafki, waya kan yi kuskuren da bai fi mita 5 ba, wannan ya isa ka koma kan dutsen da ka samu kifi jiya.

Sunan alama ya ɗauki bayani. Maimakon "wuri mai kyau", rubuta: "Dutse, mita 9, 14 Janairu, giwan ruwa 1, asuba". Bayan wata shida wannan layi zai fi maka amfani fiye da hoto goma.

Mataki na 3: Auna zurfi

Hanya mai arha ita ce igiya da dutse. Ƙulla ƙulli a kowace mita ɗaya, ka saki har dutsen ya taɓa ƙasa, ka ƙirga, ka rubuta a waya. Kakanni da gora suke yi, bambancin kawai yanzu kana ajiye sakamakon.

Hanya ta biyu ita ce na'urar sona. Tana tura sauti ƙasa ta jira amsa-kuwwa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. In ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.016, ya yi tafiyar mita 24 ke nan, a raba biyu, zurfin mita 12. Kifi yana fitowa a allo ne saboda jakar iskar da ke cikinsa tana mayar da sauti da ƙarfi.

Akwai ƙanana masu kama da ƙwallo da ake ɗaurawa a igiyar fatsa a jefa, kamar Deeper da Garmin Striker Cast. Suna haɗuwa da waya kai tsaye ta Wi-Fi ko Bluetooth a nisan mita 50 zuwa 100, ya danganta da samfuri, ba ruwansu da data. Da dala ake sayar da su, don haka ga mai ƙaramin jari shawara ita ce mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Sati ɗaya ya isa ku zana ƙasan yankinku: ina rami, ina dutse, ina tsohuwar hanyar kogi. Kuma hattara da manhajojin da ke cewa waya ita kaɗai za ta gano kifi a ruwa. Waya ba ta da abin da zai yi wannan aiki, talla kawai za su cika maka.

Me ya sa zurfi yake da muhimmanci? Giwan ruwa ɗan kwanto ne. Yana laɓewa a gefen dutse, ko gindin itacen da ruwa ya cinye, ko inda ƙasa ta gangara farat ɗaya, yana jiran ƙananan kifi irin su warangi da 'ya'yan karfasa. Sannan a lokacin bazara ruwan sama-sama yakan yi zafi ya daina gauraya da na ƙasa a wurare masu zurfi, sai iskar shaƙa ta yi ƙaranci a can ƙasa. A irin wannan lokaci sakin ƙugiya har ƙurya ɓata lokaci ne, kifin yana sama da haka.

Mataki na 4: Jan ƙugiya da lura da gudu

Jan ƙugiya shi ne ka saki ɗan kifin roba mai ƙugiyoyi a bayan kwale-kwale, mita 20 zuwa 40, kana tafiya a hankali don ya riƙa rawa kamar mai rai. Masu salmon sukan yi gudun kilomita 3 zuwa 5 a awa. Fara daga nan, ka gwada sama da ƙasa. Ido ba ya iya bambanta kilomita 3 da 5 a kan ruwa, amma waya tana iyawa. In ba ka yarda da manhajar ba, gwada ta: mita 100 cikin daƙiƙa 90 daidai yake da kilomita 4 a awa.

Wannan gudu mai fila ma zai iya yin sa, ba dole sai inji ba. Abin lura shi ne, GPS gudunka a kan ƙasa yake aunawa, ba gudunka a cikin ruwa ba. A wajen Yelwa da Shanga inda ruwa ke tafiya, in kana haurawa da kilomita 2 a awa ruwa kuma yana gangarowa da 2, kifin robarka ji yake kamar ana jan sa da 4. Don haka ka rubuta gudu tare da alƙibla.

Da kifi ya cafka, kafin komai ka sa abokin tafiyarka ya danna alama. Lokacin baƙin ruwa kifi yana gani daga nesa, kifin roba mai kalar azurfa ya isa. Lokacin farin ruwa nemi mai ƙara ko mai kala mai haske. In akwai tsage a wurin, sa 'yar wayar ƙarfe tsakanin igiya da ƙugiya, haƙoransa suna datse igiyar roba.

Kafin ka fara, ka je wajen Sarkin Ruwa ko dattawan masunta na yankin. Tafkin cike yake da raga da mamari na mutane. Ƙugiyarka in ta yaga ragar wani, ka jawo rigimar da kifin bai kai ta ba. Tambayi inda ake shimfiɗa raga, ka sa wa wuraren jar alama.

Mataki na 5: Ga wanda ba shi da jirgi

Fatsa daga gaɓa ko daga inda jirage ke tsayawa ita ma tana son lissafi. Inda ake wanke kifi da sauke kaya, ƙananan kifi suna taruwa, manya kuma suna biyo su da asuba da gab da magariba. Jefa ta hagu, ta tsakiya, ta dama, kana ƙirga daƙiƙun da darma ke ɗauka kafin ta taɓa ƙasa. Inda ƙirgen ya tashi daga 3 zuwa 7, gangara ce, nan za ka dage. Da tana ko ɗan kifi za ka samu tarwaɗa da kurungu ko da giwan ruwa bai zo ba. Lokacin da ruwa ya janye a Yuli, zagaya gaɓar ka ɗauki hoton duwatsu da ramukan da suka fito fili, ka sa musu alama. In tafki ya cika, kai kaɗai ka san abin da ke ƙasa.

Mataki na 6: Littafin lissafi

Buɗe Google Sheets, yana aiki ko ba data in ka kunna masa hakan. Yi layuka: kwanan wata, lokaci, wuri, zurfi, gudu, kalar ruwa, irin kifi, nauyi, litar mai. Bayan fita 20, tace ka gani. Raba kuɗin mai da kilon kifin da ka samu a kowane wuri. Nan za ka gane wurin da ke ciyar da kai da wanda ke cinye maka jari.

Rai ya fi kifi

A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ruwan nan ba abin wasa ba ne.

Duba Windy ko hasashen NiMet kafin ka fita, amma ka sani guguwar farkon damina tana tasowa cikin mintuna, manhaja ba ta cika kama ta ba. In gabas ta yi baƙi, ko dattijo ya ce a koma, a koma. Sa rigar kariya. Tura wa na gida lambobin inda za ka da lokacin dawowa. Sa alama a kan kututture da wuraren da ake ganin dorina, irin waɗannan alamomi ka raba wa kowa a WhatsApp, ba abin ɓoyewa ba ne.

Wayar kuma ka sa ta cikin jakar roba mai igiya ka rataya a wuya. IP67 na nufin za ta jure zurfin mita 1 na minti 30, ba na nufin za ta yi iyo ba. GPS yana shan caji, ka tafi da fawa bank, ka sa waya a yanayin jirgin sama inda ba sabis, GPS zai ci gaba da aiki.

Daga ƙarshe, dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba, nakiya da lantarki, jihohin Kebbi da Neja kuma sun hana ragar dala da raga mai ƙananan ido. Cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa ta daɗe tana jan hankali kan kama 'ya'yan kifi. Fasaha tana sa kamu ya yi sauƙi, don haka nauyin ya ƙaru a kanka: ƙaramin giwan ruwa ka mayar da shi, ka rubuta wurin, ka dawo masa baɗi.

Aikin gida: a wannan makon sauke taswira, ka sa alama 5 a gaɓar garinku, kowace da zurfi da kwanan wata. Bayan wata ɗaya ka koma ka sake aunawa, ka ga nawa ruwan ya motsa. A darasi na gaba za mu ga yadda ake fitar da alamomin daga OsmAnd a tura su wata wayar. Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma tsare.