Idan Likita Ya Ce Za a Ɗebi Ruwan Baya

'Yata, ga zafin bazara ya kunno kai, lokacin da sanƙarau ke yawo ke nan, shi ya sa nake so mu yi wata magana tun kowa yana lafiya. Maganar ɗibar ruwan baya ce, wadda ake yi da allura don gano sanƙarau. Kin sha ji a gidan suna da gidan biki ana cewa duk wanda aka ɗebi ruwan bayansa, ko dai a rasa shi, ko ƙafafunsa su shanye. Ba na raina masu faɗin haka, don da yawansu sun binne 'ya'ya. A annobar 1996 mutum fiye da dubu 11 sanƙarau ya kashe a Najeriya, a 2017 kuma ya sake yin ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Amma ki duba wa ake yi wa wannan allura. Yaro ne da ya kwana uku wuyansa a sandare, jiki kamar wuta, yana jijjiga, an yi tofi an yi hayaƙi, sai da abin ya gagara aka nufi asibiti. Likita ya ɗebi ruwa da yamma, rai ya yi halinsa da asuba. Uwa allura ta gani da idonta, ciwon da ya daɗe yana cin ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gan shi ba, sai laifi ya hau kan allura. Kurumta da shanyewar da ake gani a wasu da suka tashi, su ma aikin sanƙarau ne.

Batun shanyewar ƙafafu kuwa, lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kai har ƙasa ba. A babban mutum, sama da ƙugu take tsayawa, daga nan sai jijiyoyi sirara da ke lilo a cikin ruwa kamar jelar doki. Can ƙasa, daidai saitin ƙasusuwan kwatangwalo, inda babu laka, nan allura ke shiga. Ruwan da ake ɗiba bai wuce cokalin shayi biyu ko uku ba, a yaro ma bai kai haka ba, alhali jikin babba yana sarrafa kusan rabin lita kowace rana. Kafin gari ya waye ya mayar da abinsa. Aikin kuma ba sabo ba ne, tun 1891 wani likitan Jamus mai suna Heinrich Quincke ya bayyana yadda ake yin sa.

Za a kwantar da mutum ta gefe, ya dunƙule, gwiwoyi a ciki, haɓa a ƙirji, don ƙasusuwa su buɗe. Za a goge bayan da magani mai sanyi, a yi ƙaramar allurar kashe zafi, wadda galibi ita ce ma ta fi raɗaɗi. Bayanta abin da aka fi ji shi ne dannawa. Wani yakan ji abu ya tsarga masa ƙafa kamar lantarki. Jijiya ce aka gifta, ya faɗa wa likita, amma kada ya zabura. Ruwan ɗiso yake yi a hankali cikin 'yan kwalabe. Na mai lafiya garau yake. Idan ya fito a gurɓace, likita ya fara sanin inda aka dosa tun kafin sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji. A yaro, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau kan yi kama sosai, maganinsu kuma daban, wannan ruwa ne ke raba gardama.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wahala. Wasu kan yi ciwon kai bayan kwana ɗaya ko biyu, irin wanda da an tashi zaune sai ya sara, da an kwanta ya lafa. A kwanta, a sha ruwa da farasitamol, kofi ma yakan taimaka, yawanci cikin mako ya wuce. Idan ya ƙi sauka, ko zazzaɓi ya taso, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi fita, a koma asibiti a ranar. Wani lokaci kuma ba a dace a karon farko ba sai an sake sokawa, musamman ga mai jiki.

Ki yi tambaya, haƙƙinki ne: me ake nema, wa zai yi, yaushe sakamako zai fito? Ki faɗa musu idan maras lafiya yana shan maganin tsinka jini, ko jini ba ya saurin tsaya masa, ko akwai maruru a bayansa, don akwai halin da likita da kansa zai ɗage aikin ya fara ba da magani. Ki kuma yi magana da maigidanki tun yanzu. Sau da yawa uwa ce kaɗai a gefen gado, uba yana kasuwa ko ya yi tafiya, waya ba ta shiga, a zauna jiran izininsa har dare. Ku yanke shawara yau, ya ba ki izinin sa hannu idan ba ya nan.