Tanadin Kaka Domin Cin Bazara

Ya ɗan'uwa matashi, ka sani matsin da ya sami gidanku ba shi ne na farko ba a ƙasar nan. Kakanninka sun ga farin 1973, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. Iyayenka sun bi layin shinkafa da madara da sabulu a 1984, sa'an nan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta karye. Kai ma ka ga naka. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A Kano har afafata, watau gutsattsarin shinkafar da a da ake zuba wa kifi, ita wasu gidaje suka koma dafawa.

To, yaya wani gida ya tsallake, maƙwabcinsa kuwa ya watse, alhali samunsu ɗaya?

Ka duba ƙissar Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi. Shawarar da ya ba mutanen Masar ita ce su yi noma shekara bakwai, su ci kaɗan, sauran su bar shi cikin zangarniyarsa domin shekarun fari. Manomanmu sun san hikimar: damin gero a rumbu ya fi sussukakke jure wa ƙwari. In a birni kake, babu rumbu, akwai buhu. Hatsi yakan yi sauƙi da kaka, ya yi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina. Wanda ya sayi buhun masara a Nuwamba ya huta da awon mudu-mudu a Yuli.

Wani zai ce maka wannan rashin tawakkali ne. Haba! Ya tabbata cikin Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne ɗan kasuwa ya ɓoye abinci yana jiran mutane su galabaita. Masu wannan hali ma sun sha kashi a 2025, da farashin hatsi ya faɗo kayansu na kulle a sito.

Amma abin da ya fi yunwa rusa gida, wallahi, bashi ne, musamman na ganin ido. Mutum ba shi da abincin wata guda, ga shi yana cin bashin lefe akwati shida, uban amarya kuma ya sayar da gona domin kayan ɗaki da gara. Yanzu kuma ga bashin waya mai ruwa, ka latsa a tura maka, mako biyu su fara kiran danginka suna tozarta ka. Riba ce, haramun ce, kada ka kusance ta. Adashi tsakanin amintattu ya fi maka. Kuma in sayar da kaya ya zama dole, ka fara da na ado; keken ɗinki da babur da akuya mai haihuwa su ne na ƙarshen taɓawa, domin su ke kawo na gobe.

Sa'an nan ka tuna Ash'ariyawa, mutanen Yaman da Annabi ya yaba wa. In abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya, su raba daidai da ƙwarya ɗaya. A babban gida, tukunya ɗaya ta fi uku sauƙin itace da mai. Kai da ba ka yi aure ba tukuna, kada ka ce cefane na Baba ne. Ka lissafta abin da kake zubawa a katin waya cikin wata, ka tambayi Inna mudu nawa na gero zai saya.