Maganin Ciyawa a Fagen Yaƙi

Manoman Dutsin-Ma da Kurfi sun saba fesa maganin ciyawa. To, an taɓa yaƙi da irinsa. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen Amurka suka yi ta fesa shi bisa dazuzzuka da gonakin Biyetnam. Mafi sharrinsa Agent Orange, haɗin 2,4-D da 2,4,5-T. Na biyun na ɗauke da dayoksin, dafi mai kawo ciwon daji, wanda ya daɗe cikin ƙasa da laka, har ya shiga kifi. Gyaran ƙasar filin jirgin Da Nang kaɗai ya ci wajen dala miliyan 110, sai 2018 aka gama.

An daina yin 2,4,5-T, amma 2,4-D na nan a kasuwa. Mai feshi ya rufe hanci da hannu. Kada ya wanke famfonsa a dam ɗin Zobe, ko ya zuba man gyaɗa cikin galan ɗin maganin.