Renon Dashe A Cikin Dusar Kwakwa: Inda Ake Kuskuren Ruwa Da Taki

Masu sana'ar renon dashen tumatir da tattasai da attaruhu a cikin rumfa sun karkata ga dusar ɓawon kwakwar Attagara a maimakon ƙasa. Akan shigo da ita a dunƙule daga Indiya da Sirilanka, waɗanda suka fi kowa fitar da ita a duniya, kuma dunƙule mai nauyin kilo 5 yakan kumbura ya kai lita 60 zuwa 70 idan aka jiƙa shi. Ba ta da nauyi, ba ta ɗauke da irin ciyawa, tana kuma barin iska ta kai ga saiwa. Amma mafi yawan hasarar da ake tafkawa a wannan sana'a ta samo asali ne daga ɗaukar dusar nan tamkar ƙasar lambu. Ganin tsadar ingantaccen iri, kowane rami da ya mutu a faranti kuɗi ne ya salwanta, sa'an nan manomin da ya biya kafin alƙalami ba zai jira a sake shuka ba, domin lokacin dashe ba ya jiran kowa.

Matsala ta farko takan auku tun kafin a zuba iri. Ɗanyar dusa tana ɗauke da gishiri da sinadarin fotashiyam mai yawa, tana kuma riƙe kalshiyam da magniziyam ta hana tsiro samunsu. Saboda haka wajibi ne a wanke ta da ruwa mai daɗi, a jiƙa ta na tsawon dare a ruwan takin kalshiyam naitiret, a sake ɗauraye ta. Wadda masana'anta suka riga suka yi wa wannan aiki ta fi tsada, amma ga mai ƙaramin jari ta fi araha a kan sake sayen iri.

A fannin ban-ruwa kuwa, ido yana yaudara. Saman dusar yakan yi haske ya bushe, musamman da hunturu, alhali ƙasanta a jiƙe yake sharkaf, domin tana iya riƙe ruwa ninkin nauyinta har sau takwas. Ma'aikaci ya ga saman ya bushe ya ƙara ruwa, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, tsiro ya yi yaushi, shi kuma ya ɗauka ƙishirwa ce ya sake ƙarawa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne hannu: a ɗaga farantin bayan an shayar da shi a ji nauyinsa, kada a sake ba shi ruwa sai ya yi sauƙi a fili. A shayar da safe, a kuma ɗora farantan a kan dakali ko ragar waya yadda ruwa zai tsiyaye. Idan aka ga tsirrai suna faɗuwa, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi, ko gansakuka ta rufe saman dusar, ko ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi, to danshi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A cire waɗanda suka faɗi nan take, domin ba sa tashi, cutar kuma tana yaɗuwa.

Barin dusar ta bushe ƙamas shi ma illa ne, domin gishirin da ke cikinta yakan taru ya ƙone bakin ganye.

Batun taki ya fi buƙatar natsuwa. Dusar kwakwa kusan ba ta da abincin da tsiro zai rayu a kai. Abin da ke cikin ƙwayar iri ne ke riƙe shi har ganyen gaskiya na farko ya fito bayan 'yan kunnuwan nan biyu. Daga nan sai a fara ba shi taki mai narkewa a ruwa, kimanin rubu'in abin da aka rubuta a jikin buhu, ana ƙarawa sannu a hankali. Takin NPK 15-15-15 na gona, wanda ya fi sauƙin samu a kasuwa, bai dace da ɗan ramin faranti ba, yakan ƙone saiwa. Haka kuma ba a haɗa kalshiyam naitiret da takin da ke da salfet ko fosfet a mazubi ɗaya da kaurinsu, domin sukan daskare su kwanta a ƙasa. Duk lokacin shayarwa a bar ɗan ruwa ya zubo ta ƙasan faranti ya tafi da gishirin da ya taru.

Rawayar ganye ita ce ta fi ruɗa masu reno, don kuwa dalilanta sun bambanta. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, naitirojin ya gaza. Idan tsakanin jijiyoyinsu ne ya yi rawaya, jijiyar ta zauna kore, magniziyam ne. Idan kuwa sabon toho ne ya yi fari-fari, sinadarin ƙarfe ne bai shiga ba, kuma sau da yawa laifin ruwan ne: ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa yakan ɗaga ma'aunin pH sama da 6.5, alhali a dusa an fi son ya tsaya tsakanin 5.8 da 6.2. Kafin a yanke hukunci, a zaro tsiro ɗaya a duba saiwarsa. Fara mai ƙarfi tana nuna yunwa ce, a gyara taki. Mai launin ƙasa da ke saɓulewa a yatsa tana nuna ruwa ne ya yi yawa, kuma ƙara mata taki ƙara ciwo ne.

Tsiron da ya yi dogo siriri yana rankwafawa ba taki yake nema ba, haske ne ya yi masa kaɗan. Tumatir yakan isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6. A makon ƙarshe a rage ruwa, a riƙa fitar da farantan rana kaɗan-kaɗan kafin a miƙa su ga mai saye.