TSAKUWAR MAFITSARA A JIKIN KARE: WANE KARE NE YA FI SHIGA HAƊARI?

Gabatarwa

Ya kai manomi, karen da yake gadin gonarka da garkenka ma'aikaci ne da ba ka biyansa albashi, don haka lafiyarsa tana wuyanka. Daga cikin cututtukan da kan kashe kare ba a ankara ba akwai tsakuwar mafitsara, wato daskarewar sinadaran fitsari har su zama dutse a mafitsara ko a ƙoda. Sanin jinsin karenka, da ko namiji ne ko mace, shi zai nuna maka irin tsakuwar da za ka yi tsaro a kanta.

Yadda cutar ta sauya

Cibiyar nazarin irin wannan tsakuwa da ke Jami'ar Minisota a Amurka ta fara aiki a 1981. A wannan shekara, kashi 78 cikin 100 na tsakuwoyin karnuka da aka kai mata nau'in siturubait ne, kashi 5 kacal ne na kalsiyam okzalet. Bayan kimanin shekara 20 nau'o'in biyu sun kusa yin kunnen doki. Har yanzu su ne mafi yawa.

Nau'o'in tsakuwa da karnukan da suke kamawa

1. Siturubait: Ta fi kama karya, domin hanyar fitsarinta gajeriya ce, ƙwayoyin cuta kan shiga mafitsara cikin sauƙi, su sauya fitsarin har tsakuwa ta haɗu. Likita na iya narkar da ita da magani da abinci na musamman.

2. Kalsiyam okzalet: Ta fi kama maza waɗanda suka manyanta, musamman ƙananan karnukan waje irin su Shinauza da Shi Zu. Ba ta narkewa, sai an fitar da ita, kuma takan dawo.

3. Yuret: Ta gado ce a jinsin Dalmeshiyan, farin karen nan mai ɗigon baƙi, da Buldog. A 2008 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta. Yawan cin hanta da sauran kayan ciki yana ƙara haɗarinta.

4. Silika: Ba ta da yawa. An fi ganinta a mazan Alseshiyan, karen gadin da ya yawaita a Nijeriya, da Labarado. Masana sun danganta ta da abincin da aka cika wa ɓuntun shinkafa, ɓawon waken suya ko saurar masarar da aka cire wa sitaci. Tsiro yana zuƙo silika daga ƙasa, ya tara ta a irin waɗannan sassa.

Karen gida na gargajiya ma bai tsira ba, musamman karyar da ciwon mafitsara ya daɗe a jikinta.

Alamomi

Ka lura da yawan yunƙurin fitsari, ko fitsari yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ko jini a cikinsa. Namiji ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, kuma ta bi ta ƙarƙashin wani ɗan ƙashi inda tsakuwa kan maƙale. Idan fitsari ya tsaya gaba ɗaya, kare na iya mutuwa cikin kwana 3. Kada ka matsa masa ciki, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Rigakafi

1. Ka ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana. Kare mai nauyin kilo 30 yana bukatar kusan lita 2 a yini, fiye da haka a bazara.
2. Ka riƙa jiƙa masa busasshen abinci.
3. Kada ka cika masa abinci da ɓuntu domin neman araha.
4. Ka riƙa kwance shi ya yi fitsari sau da yawa a yini.
5. Kada ka bar karen da ya yi tsakuwar gado ya yi barbara.

Ga malaman gona

Idan kun kai ziyara, ku tambayi jinsin kare da shekarunsa da abincinsa, ku duba kwanon ruwansa. In an fitar da tsakuwa, ku shawarci mai kare ya nemi a gwada ta, domin abincin da ke maganin wani nau'i yana iya haifar da wani. Rigakafi ya fi magani.