MADUBIN ƊAUKAR HOTON ƘANANAN HALITTU: YADDA YAKE AIKI DA ABIN LURA KAFIN A SAYO SHI A ƘASAR WAJE

Gabatarwa

Manomi a Utai, cikin ƙaramar hukumar Wudil, idan ya tarar ganyen masararsa ya huhhuje, abin da zai ce shi ne tsutsa ta shiga gona. Amma wace tsutsa? A nan ne aikin masanin halitta yake farawa, domin tsutsotsi iri-iri ne, kuma dabarar da ta yi wa wata ba lalle ta yi wa wata ba. Sau da yawa bambancinsu ɗigo ne ko zane wanda bai kai ƙwayar gero ba. Ido ba ya ganinsa sosai, kyamarar yau da kullum ma ba ta kama shi.

Saboda haka aka ƙera wani madubin kyamara na musamman, wanda masu sana'ar hoto suke kira makuro. Ba kasafai ake samunsa a kantunanmu ba, don haka malamai da masu bincike sukan jira sai tafiya ta kama su zuwa Dubai ko Saudiyya ko Turai, ko kuma su ba wani matafiyi sautu. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma wanda ya sayo kuskure ba shi da damar mayarwa. Wannan darasi zai bayyana yadda madubin yake aiki, da abin da na'urar hana rawa da ke cikinsa take iyawa, da abin da ba ta iyawa.

Me za a gani da shi?

Bari mu ɗauki misalai uku daga gonakinmu da gidajenmu.

Na farko, tsutsar masara mai suna Spodoptera frugiperda. Asalinta nahiyar Amurka ce, kuma a shekarar 2016 aka fara ba da rahoton ɓullarta a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Alamunta biyu ne: wani zane mai haske a goshinta mai kamar harafin Y a kife, da baƙaƙen ɗigo huɗu da suka jeru kamar kusurwoyin ɗaki kusa da ƙarshen jikinta. Wanda ya ga waɗannan ya raba ta da tsutsar da ke huda karan dawa.

Na biyu, ƙwaron wake, Callosobruchus maculatus, wanda tsawonsa bai wuce milimita 4 ba. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, kowanne bai kai milimita 1 ba. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ta shige ciki, ba a sake ganinta sai ta fito ƙwaro ta bar rami. Hoton ƙwan shi ne shaidar cewa ɓarna ta fara tun buhu yana da kyan gani.

Na uku, sauro. Anofilis mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana tsayawa a jikin bango da gindinsa a ɗage, fukafukansa kuma galibi da dabbare-dabbare. Kyuleks kuwa yana kwantar da jikinsa daidai da bangon. Ɗalibin da ya ga hotunan nan biyu gefe da gefe ba zai ƙara rikita su ba, domin gani ya kori ji.

Ma'anar 1:1

A bayan kowane madubi akwai farantin da ke karɓar haske. A da fim ne, yanzu kuwa faranti ne na lantarki. A manyan kyamarori faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, daidai da girman fim ɗin da aka saba da shi. Madubi yana amsa sunan makuro na haƙiƙa idan yana iya jefa surar abu a kan farantin daidai girman abin a zahiri. Wato ƙwaro mai milimita 4 zai mamaye milimita 4 na farantin. Wannan shi ake rubutawa 1:1. Idan aka rubuta 1:2, surar rabin girman abin ce. 1:4 kuwa rubu'i.

Mu yi ɗan lissafi. A ce farantin yana da ɗigon hoto 6,000 a faɗinsa. Idan aka raba 36 da 6,000, kowane ɗigo zai zama milimita 0.006. Ƙwaron wakenmu zai shimfiɗu a kan ɗigo kusan 670 ke nan, abin da ya isa a ga zanen bayansa da gaɓoɓin ƙahonninsa.

Lambar da ake rubutawa da milimita a jikin madubi, kamar 60 ko 100 ko 105, ita ke nuna nisan da mai hoto zai tsaya. Madubi mai milimita 100 yakan bar tazarar kimanin santimita 14 tsakanin bakinsa da ƙwaron a 1:1. Mai gajeren zango yana tilasta matsawa kusa, sai inuwar mutum ta rufe ƙwaron, ko ƙwaron ya tsorata ya tashi. Dalili ke nan da masu nazarin ƙwari suka fi son mai 90 zuwa 105.

Matsaloli uku na kusantowa

Duk wanda ya kusanci ƙaramin abu da kyamara zai ci karo da matsaloli uku.

Ta farko rawar hannu ce. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak. Numfashi da bugun zuciya suna motsa shi. A lissafinmu na sama, idan kyamara ta zame da milimita 0.1 kacal a lokacin ɗauka, surar za ta shafe a kan ɗigo kusan 17, hoto ya zama dishi-dishi. Madubin da ya ƙara girman ƙwaro ya ƙara girman rawar ma.

Ta biyu ƙarancin zurfin gani. A 1:1, idan an saita ƙofar haske a f/8, kaurin wurin da zai fito tangaran kimanin milimita 1 ne kawai. A f/16 kimanin milimita 2. Idon sauro zai fito, ƙafarsa ta ɓace.

Ta uku ƙarancin haske. A 1:1 hasken da ke isa faranti yakan ragu zuwa wajen rubu'in abin da zai isa idan ana ɗaukar abu mai nisa. Idan kuma aka tsuke ƙofar haske don a sami zurfi, sai haske ya ƙara raguwa, dole a daɗe da buɗe marufin kyamara, daɗewar kuma ta ba rawar hannu dama. Matsalolin uku a sarƙe suke.

Yadda na'urar hana rawa take aiki

A cikin madubin akwai ƙananan na'urori masu jin motsi. Da zarar kyamara ta karkata, sai su sanar da wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta tura ɗaya daga cikin gilasan madubin zuwa ɓangaren da zai soke karkatar, ta hanyar maganaɗisun lantarki. Ana yin haka sau ɗaruruwa a cikin sakan ɗaya. Kwatankwacinsa mai tallar nono ce da ƙwarya a ka: jikinta yana tafiya, wuyanta yana gyara zaman ƙwaryar, nono bai zuba ba.

Kamfanin Canon na Japan ya fitar da madubin farko mai wannan na'ura na kyamarorin da ake sauya wa madubi a 1995. A 2006 kamfanin Nikon ya sa ta a madubin makuro mai milimita 105, da alamar VR. A 2009 Canon ya fitar da nasa mai milimita 100, da alamar IS, wanda ya ƙara wani abu muhimmi. Rawar hannu iri biyu ce: karkata, da zamewa gefe ko sama da ƙasa. A hoton nesa karkata ce kaɗai ke da tasiri, amma a kusa zamewa ma tana ɓata hoto, don haka aka ƙara na'urar da ke jin ta. Sababbin kyamarori da yawa kuma suna motsa farantin kansa, wasunsu har su haɗa ƙarfi da na madubin.

Ana auna ƙarfin na'urar da mataki, kowane mataki yana ninka lokacin buɗe marufi sau biyu. Wanda hannunsa ke buƙatar 1/125 na sakan, mataki 4 zai kai shi 1/8. To amma ga abin lura. Kamfanin Canon da kansa ya bayyana cewa madubin nan na 2009 yana ba da mataki 4 a hoton nesa, amma 2 kacal a 1:1, wato wajen 1/30. Amfanin yana raguwa daidai inda aka fi buƙatarsa.

Bugu da ƙari, akwai abubuwa uku da na'urar ba ta magani. Ba ta tsayar da ƙwaron da ke tafiya. Ba ta hana iska kaɗa ganye. Ba ta kuma gyara layin da jiki ke yi gaba da baya, wanda shi ke fitar da ƙwaro daga milimita ɗayan nan ta zurfin gani. Maganin waɗannan shi ne walƙiyar kyamara da aka tausasa da farin ƙyalle, da mazaunin kyamara mai ƙafa uku, da sammako, domin da sanyin safiya ƙwari ba su da kuzari, iska ma ba ta taso ba.

Abin dubawa a kanti

Wanda ya fahimci abin da ya gabata ba zai yi sayen kifi a ruwa ba. Ga abubuwan da zai kiyaye.

1. Bakin ɗauri. Kowane kamfani da irin bakin da madubi ke shiga: Canon yana da EF da RF, Nikon yana da F da Z, Sony yana da E. Madubin EF yana hawa kyamarar RF da zoben haɗi, amma na RF ba ya hawa ta EF. A tafi da kyamarar, ko a rubuta wa ɗan sautu cikakken sunanta.

2. Alamar 1:1. Madubai da yawa an rubuta musu sunan makuro alhali ba su wuce 1:3 ko 1:4 ba. A ɗauki hoton rula a kantin: a babban faranti milimita 36 ya kamata ta cika faɗin hoton, a ƙaramin faranti kuwa wajen 22 zuwa 24.

3. Garanti. Sau da yawa takardar garanti a ƙasa ko yankin da aka yi ciniki kaɗai take aiki. A tambaya kafin a biya, a kuma tabbata lambar da ke jikin madubi ita ce a takarda da rasit.

4. Haraji. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara mayar wa baƙi harajin sayen kaya a 2018, Ingila kuwa ta daina a farkon 2021. Dokokin suna sauyawa, sai a bincika. A ajiye rasit saboda jami'an kwastan a filin jirgi.

5. Na hannu. Idan wanda aka yi amfani da shi ne, a haska tocila ta cikinsa. Zare-zare masu kamar saƙar gizo-gizo funfuna ce, kuma tana iya cin fuskar gilashi. Araha ba ta ado.

A hanya a riƙe madubin a jakar hannu. A gida kuma maƙiyansa biyu ne: ƙurar hunturu da laimar damina. A ajiye shi a akwati mai rufi da ƙullin sinadarin tsotse laima, kada a sauya madubi a fili ranar da hazo ya sauka.

Idan kuɗi bai kai ba

Makarantar da ba ta da ƙarfin sayen wannan madubi ba ta rasa hanya ba. Akwai zobban da ba su da gilashi, waɗanda ake sawa tsakanin kyamara da madubin yau da kullum su nisanta shi da faranti, sai ya iya kallon kusa. Akwai kuma ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a kyamarar wayar hannu. Haka nan madubin makuro marar na'urar hana rawa ya fi sauƙin kuɗi, kuma ga mai aiki da walƙiya ko mazauni mai ƙafa uku bambancin kaɗan ne. Na'urar ta fi amfanar wanda ke yawo a gona da kyamara a hannu, yana dogaro da hasken rana.

Aikin gwaji

A samo wake mai ƙwari a zuba a farin faranti, a ajiye rula a gefe. A ɗauki hoto 10 da waya a hannu, a sake ɗaukar 10 bayan an jingine wayar a kan littattafai. A ƙirga nawa suka fito tangaran a kowane rukuni. A bayan kowane hoto a rubuta wuri da rana da sunan shuka, domin hoton da ba shi da waɗannan ado ne kawai, masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ko cibiyar binciken noma ta Samaru ba za su iya aiki da shi ba.

Tambayoyi

1. Tsutsa mai milimita 30 za ta shiga faranti mai faɗin milimita 36 a 1:1? A faranti mai milimita 23 fa, wane ma'auni za a koma?
2. Me ya sa amfanin na'urar hana rawa yake raguwa a kusa?
3. Kawo alamu biyu da ake gane Spodoptera frugiperda da su.